Layuka Bakwai a Kan Rijiyar Tafinta

Ku ƴaƴana kun tashi kun tarar ba na shiga gidan Yaya Habu, shi ma ba ya tako nawa, kuma na san abin da aka riƙa raɗa muku a gidajen suna da na biki: wai ubanku ya je Yamai ya yi karatu, ya dawo ya tozarta kakansa a gaban Buzaye. Ban taɓa zaunar da ku na ba ku amsa ba, domin a lokacin waɗanda maganar ta shafa suna raye, kuma ba na son ku ɗauki gaba da ƴan'uwanku a kan abin da ya faru kuna ƙanana. Yanzu duk sun riga mu gidan gaskiya, saura ni. Zan faɗi yadda abin ya kasance, da inda na yi daidai, da inda na gaza.

Na yi shekaru ina koyarwa a lakol, wato makarantar boko ta Falanko, kafin a ba ni damar zuwa jami'a in karanci tarihi. Wannan ya zo ƴan shekaru bayan babban farin da ya cinye dabbobin arewa. Na kai uwarku Hajara gidanmu, yamma da Gangara, na bar ta wurin Baba da ku biyu na farko, na hau kamyo, babbar motar kaya, zuwa Damagaram, daga can na wuce Yamai. A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi sai ya rubuta kundi kafin a sallame shi. Ni ban yi dogon tunani ba. Na shiga biro, wato ofishin malamina Mushe Abdu (mushe ake ce wa duk malamin boko), wani siririn mutum mai magana a hankali kamar ba ya son tashin wani daga barci, na ce masa tarihin ƙasarmu Damargu zan rubuta, tun daga farko har yau.

"Wa ya rubuta kafin kai?" ya tambaye ni.

Na ambaci littattafai biyu. Ya jira ko zan ƙara, ban ƙara ba.

"To, Mutari, ba tarihin Damargu za ka rubuta bana ba," ya ce. "Za ka nemo duk abin da aka taɓa rubutawa a kanta, ka jera, ka yi wa kowanne sharhi. Wanda zai rubuta tarihin, ko kai ne ko wani, daga jerinka zai fara."

Raina bai so ba. Na ga kamar an aike ni ɗebo itace alhali wasu ne za su yi girkin. Abokaina suna rubuta yaƙe-yaƙe da sarautu, ni kuwa aka haɗa ni da abin da ake kira bibiliyogarafi, kalmar da ko faɗinta a garinmu sai an yi dariya. Aikin kuwa ga yadda yake. Kowane littafi, ko rahoto, ko ƴar maƙala a mujalla, yana da katinsa guda, wanda muke kira fish. A sama ka sa sunan marubuci da sunan aikin da inda aka buga da inda yake ajiye. A ƙasa ka rubuta layuka kaɗan, kada su wuce goma, su amsa tambayoyi huɗu da Mushe Abdu ya sa na haddace kamar karatun allo: me ya ce, da idonsa ya gani ko ji ya yi, daga bakin wa ya ji, kuma har ina za a iya dogara da shi. Katunan farko da na kai masa ya dawo mini da su duk jan biro. A kan ɗaya na rubuta cewa littafi ne mai kyau ƙwarai. Ya ja layi a kai, ya rubuta a gefe cewa kyau ba sharhi ba ne. Wani kuma na kwafo sunansa daga ƙarshen wani littafi ban gan shi ba. Ya tambaye ni launin bangonsa, na amsa ban taɓa riƙe shi ba. Ya ce abin da hannuna bai taɓa ba kada alƙalamina ya yi masa shaida.

A hankali aikin ya shiga raina. Da safe ina ɗakin karatu, da rana ina gidan ajiyar tsofaffin takardun gwamnati, inda ake fito maka da ƙunshi ɗaure da igiya, wani gara ta ci gefensa, wani tun da aka ɗaure shi ba a kwance ba. Na karanta matafiyan da suka ratsa ƙasarmu a kan raƙumi suka kwana uku suka rubuta halin mutanenta gaba ɗaya. Na karanta rahotannin likitocin dabbobi, da na masu auna ruwan sama, da na masu sayen gyaɗa, da na kumandojin Nasara da suka yi mulki a Tanut. Na fara gane wanda ya sauka daga doki ya duba da wanda ya tambaya daga inuwa. Katuna suka cika kwalin takalmi guda, na nemo na biyu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda magana ɗaya take yawo: wani ya faɗa, na biyu ya kwafa, na uku ya kwafi na biyu, sai mai karatu ya ɗauka shaidu uku ne, alhali baki ɗaya ne.

A nan sai in gaya muku labarin rijiya. Arewa da garinmu, kan hanyar da ke fita Balbeji, akwai wata rijiya mai zurfi wadda ba ta ƙafewa ko a shekarar fari. Mun tashi ana kiranta Rijiyar Tafinta, domin kakanmu Maman, wanda ya yi wa Nasara tafinta, an ce shi ya gina ta. Ban san shi ba, ya rasu kafin a haife ni, amma sunansa shi ne rawanin gidanmu. Makiyaya Buzaye suna shayarwa a wurin tun fil azal, mutanen wani dattijo Gumar, kuma ba a taɓa hana su ba, sai dai kowa ya san da izinin gidanmu suke sha. Bayan fari abubuwa suka canza. Gonaki suka matsa arewa, makiyaya suka dawo da ƴan awakin da suka rage musu, aka fara cacar baki a bakin rijiya. Sai gwamnati ta zo da shirin ɗaure rijiyoyi da siminti, kuma kowace rijiya za a rubuta sunan mai ita. Gumar ya je Tanut ya ce ta kakanninsa ce. Yaya Habu, wanda shi ne babba kuma shi ke riƙe da gida tun da ƙarfin Baba ya ragu, ya sa aka rubuto mini wasiƙa. Ya ce tunda ina cikin takardun Nasara, in nemo wadda ta nuna rijiyar tamu ce, in zo da ita kafin a zauna shari'a bayan kaka.

Da murna na amsa masa, domin na riga na ga maganar a wuri uku. Wani rahoton masu aikin ruwa ya ce iyalin tafinta Maman suka gina ta. Wani littafin labarin ƙasa ya faɗi haka. Duka biyun sun ɗauko ne daga wani dogon rahoto da wani kumandan ya buga da keken rubutu, shi ma na same shi, na karanta sunan kakana da idona, har na ji ƙwalla. Sai da na zauna rubuta katinsa na zo kan tambaya ta uku, daga bakin wa ya ji. Na koma farkon rahoton. Kumandan ya faɗa da kansa cewa ba ya jin Hausa ba ya jin Buzanci, kuma duk abin da ya shafi rijiyoyi da gonaki daga tafintansa ya samo. Na rubuta haka, ban ji komai ba tukuna. Mutum yana iya ba da shaidar abinsa kuma ya zama gaskiya ya faɗa.

Bayan kamar sati uku aka fito mini da wani ƙunshi da ba shi da suna a rajista, an dai rubuta Tanut a bayansa. A ciki akwai wani ƙaramin littafin rangadi, rubutun hannu, na kumandan da ya riga wancan zama. Shi wannan yana yawo da kansa, yana auna zurfin rijiyoyi da igiya, yana zana hanya. A shafi ɗaya ya kwatanta rijiyarmu yadda ba za a ɓata ta ba: nisanta daga gari, da dutsen da ke gabas da ita, da zurfinta. Ya ce ya tarar da makiyaya a kanta, suka gaya masa iyayensu suka haƙa ta, manoman garin da ke kusa kuma suka tabbatar masa da haka, suka ce su ma da yardar makiyayan suke ɗiba. Ya rubuta sunan da ake kiranta da shi, Anu. A lokacin kakana bai ma shiga aikin Nasara ba.

Na daɗe zaune da littafin a buɗe. Abin da ya tsaya mini ba rubutun ba ne, sunan ne. Gwaggo Dije, yayar Baba, ita kaɗai a gidanmu ba ta cewa Rijiyar Tafinta. Kullum sai ta ce a je Anu a ɗebo ruwa, mu kuwa muna ɗauka tsufa ne. Na rubuta katin yadda aka koya mini, layuka bakwai. Na ce wannan shaidar gani da ido ce, ta riga rahoton da aka buga, ta saɓa masa a kan asalin rijiyar, kuma rahoton da aka buga ya dogara ne ga mutum ɗaya wanda yake da amfani a cikin maganar, don haka duk ayyukan da suka kwafe shi a karanta su da wannan a zuciya. Da na gama ban sa katin a kwali ba. Na sa shi a aljihun rigata, ya yi wata guda a can.

Wata rana na tambayi Mushe Abdu, kamar tambayar banza, ko laifi ne mutum ya bar wata takarda bai sa ta a jeri ba, idan ba wanda ya taɓa karanta ta. Ya dube ni ta saman tabarau. Bai tambaye ni wace takarda ba.

"Jerin naka ne," ya ce. "Ba wanda zai kama ka, har ni. Sai dai wanda zai zo bayanka ba zai sake kwance ƙunshin nan ba, domin ya yarda kai ka kwance. Abin da ka bari ka binne shi ke nan, kuma da hannunka."

Da hutun damina na koma gida. Hatsi ya kai gwiwa, ana maimai. Washegarin isowata na sami Gwaggo Dije a inuwar rumbu tana tsinkar tafasa, na zauna kusa da ita ina taya ta. Na tambaye ta me ya sa take ce wa rijiyar nan Anu.

"Sunanta ke nan," ta ce. "Da Buzanci rijiya ke nan. Ina yarinya in mun je ɗiba sai mun gaida matan Buzaye, mu kai musu ɗan hatsi, su ba mu cuku. Tasu ce."

"To yaya ta zama ta Kaka?"

Ta ci gaba da tsinka, ba ta ɗago ba.

"Wata shekara aka yi tashin hankali a arewa, suka gudu, suka daɗe ba su dawo ba. Da suka dawo an riga an rubuta. Ubana mutum ne mai alheri, Mutari, bai taɓa hana su sha ba. Amma ba shi ya haƙa ba. Shekara nawa ina faɗin sunanta a gidan nan, ba wanda ya tambaye ni dalili sai kai."

Baba na same shi a gona da hantsi. Ba ya iya noma sosai a lokacin, amma ba ya yarda ya zauna gida, sai ya riƙe doguwar hauyarsa yana turawa a hankali a bayan masu aiki. Na karɓi hauyar na nome masa kunya biyu, sannan muka zauna ƙarƙashin aduwa. Na fito da katin na fassara masa, kalma bayan kalma. Ya saurara har ƙarshe yana murza ƙasa a tafin hannunsa.

"Na sani," ya ce.

Na sauke katin, ya ci gaba.

"Tun ina saurayi na sani. Ubana ne, bakina ba zai faɗa ba, kuma ba zan tsaya gaban hukuma in ƙaryata shi ba. Kai kuma aikinka daban. Ban sa ka ba, ban hana ka ba. Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka zage shi a takarda. Ka faɗi abin da ya faru, ka tsaya nan."

Na ce masa babu zagi a ciki. Ya ce to, ya miƙa hannu na ba shi hauyarsa.

Da Yaya Habu abin bai zo da sauƙi ba. Bayan azahar muka zauna a zaure, na shimfiɗa masa kwafin takardun biyu a kan tabarma, na ce ga wadda ya aike ni nema, ga kuma wadda na tarar. Yaya ba mugu ba ne, ina so ku riƙe wannan. Shi ya yi noma ya ciyar da gida lokacin da nake zaune a aji, shi ya sayar da bijiminsa a shekarar fari don kada a taɓa irin shuka. A ganinsa rijiyar ita ce abu ɗaya da gidanmu ya fi sauran gidaje da shi, kuma in aka sake ta, gobe gonakin da ke kewaye da ita za a nema.

"Ba ni wannan," ya ce, ya ɗora yatsa a kan rahoton da aka buga. "Waccan ka mayar inda ka samo ta."

"Tare suke tafiya, Yaya. In na ba ka ɗaya na ɓoye ɗaya, na yi shaidar zur."

"Wa ya sa ka shaida? Aike na yi maka."

"Ko ban kai ta Tanut ba, tana cikin jerin da zan miƙa. Za a buga, za a aika kwafi biron sufurefe mai mulkin Tanut, kamar yadda ake yi da duk aikin da ya shafi yanki."

"To cire ta daga jerin."

Na ce ba zan iya ba. Ya daɗe yana kallona, ba fushi a fuskarsa sai wani abu kamar mamaki, irin kallon da mutum yake yi wa gonar da ya shuka gero ta fito da wani abu dabam.

"Mun tura ka karatu don ka tsare mana gida," ya ce. Ya tashi ya shiga ciki.

Na je wurin uwarku na tambaye ta abin da take gani. Tana tankaɗe a tsakar gida, ta ajiye rariya. Ku sani ita ce za ta zauna a gidan bayan na koma Yamai, ita za ta sha kallo da shirun matan gida, ba ni ba.

"Mushe, in ka cire, za ka iya ci gaba da aikin?" ta ce.

Na ce ban sani ba.

"Ni na sani. Ba za ka iya ba. Kullum ka buɗe kwalin nan sai ka tuna. Ka sa abinka. Zaman gidan nan ni zan iya da shi."

Ta iya kuwa, amma ba da arha ba. Wata biyar matar Yaya ba ta haɗa tukunya da ita ba, kuma ku da kuke wasa da ƴaƴansu aka riƙa janye su daga wurinku. Ban san wannan ba sai bayan shekaru, domin ba ta taɓa sa an rubuto mini ba.

Na koma Yamai na sa katin cikin kwali, a wurinsa, tsakanin wani rahoton allurar shanu da wata maƙala a kan cinikin gishiri. Mai keken rubutu ta buga jerin duka, aka ɗinke. Mushe Abdu ya karanta, da ya zo kan layukan nan bakwai ya ga sunan tafinta, ya ga shi ne a ƙarshen nawa, ya ɗago ya dube ni, sannan ya juya shafi. Bai taɓa yi mini maganar ba, ni ma ban yi masa ba.

Bayan kaka aka zauna a Tanut. Sufurefe yana da kwafin jerin a kan teburinsa, ya aiko a kira ni in yi bayanin takardun biyu da Hausa, kowa ya ji. Yaya yana zaune dama da dattawan garinmu, Gumar yana hagu da mutanensa, fuskarsa rufe da rawani sai idanu. Na karanta ta farko, na karanta ta biyu, na faɗi wadda ta riga wata da inda kowacce ta samo maganarta. Aka tambaye ni ra'ayina, na ce ni ba alƙali ba ne, abin da takardu suka ce na kawo. A ƙarshe ba a rubuta sunan kowa ba. Aka sa ta rijiyar jama'a, aka yanka burtali daga arewa don dabbobi su iso ba tare da sun shiga shuka ba, kuma burtalin ya ci gefen gonar Yaya mafi kyau. Da muka fito Gumar ya tsaya gabana, ya ba ni hannu, ya ce da Hausarsa mai nauyi ya san kakana, mutum ne mai kunya. Yaya kuwa ya wuce ta gabana ya hau motar kasuwa, bai waiwayo ba.

Daga ranar ya daina yi mini magana. Ba faɗa, ba zagi. In na gaishe shi sai ya amsa wa wanda ke kusa da ni. Aka tura ni koyarwa Damagaram, na ɗauke ku muka tafi. Da Baba ya rasu muka tsaya sahu ɗaya a jana'iza, mutum uku tsakaninmu, aka raba gado ta bakin Gwaggo Dije. Mutanen gari suka daina cewa Rijiyar Tafinta, yara suka koma cewa rijiyar siminti. Wannan ya fi burtalin yi wa Yaya ciwo, ni ma kuma ya yi mini, ba zan ɓoye muku ba. Jerin nawa dai ya yi amfaninsa. Ɗalibai sun riƙa zuwa da shi a hannu suna nemana, wasu daga ƙasashen waje. Amma duk wanda ya yaba mini shi sai in ji kamar yana yaba rigar da aka ɗinka da likkafani.

Kusan shekara tara muna haka. Sai aka kawo Yaya asibitin Damagaram da ciwon ƙirji. Uwarku ce ta fara zuwa, ta kai abinci kwana uku, a rana ta huɗu ta ce mini ya tambaya ko ina gari. Na je da la'asar. Ya rame ƙwarai. Na gaishe shi, ya amsa, ni ya amsa wa. Muka yi maganar damina da ta ƴaƴa. Can sai ya ce:

"Abin nan da ka rubuta. Ban taɓa jin sa ba. A Tanut takardun Nasara ka karanta, ba naka ba. Kawo ka karanta mini."

Washegari na zo da kwafina na fassara masa layukan bakwai. Ya rufe ido yana ji.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Yaya."

"Na ɗauka littafi guda ka yi a kansa." Ya buɗe ido. "Ba ƙarya a ciki. Amma akwai abin da ba ka sa ba. Lokacin da Buzaye suka gudu, rijiyar ta rufta. Shi ya tara mutane suka yashe ta, shi ya shiga da kansa da igiya a ƙugu, ya ɗaure bakinta da itacen da ya ɗauko tun daga kudu. Ba don shi ba da sun dawo sun tarar da rami. Wannan ba ya cikin takardunka?"

Na ce babu. Ba Baturen da ya rubuta.

"Kai ma ba ka tambaye ni ba," ya ce.

Gaskiya ya faɗa, kuma nan ne na gaza. Na tambayi Gwaggo, na tambayi Baba, amma Yaya na je masa da hukunci a hannu, ban je masa da tambaya ba. Na ɗauka tunda yana da amfani a cikin maganar ba shi da abin da zai gaya mini. Ranar kasuwar Balbeji na hau mota na tafi. Gumar ya riga ya rasu, amma na sami ɗansa Alhuseini a wurin masu raƙuma, muka zauna ya dafa shayi. Ban gaya masa abin da Yaya ya ce ba, na dai tambaye shi yadda suka tarar da rijiyar da suka dawo daga gudu. Ya ce ubansa ya sha faɗa musu cewa sun tarar da ita a gyare, da sabon baki, kuma tafinta ne ya yi aikin, har ya samu rauni a kafaɗa da bai rabu da shi ba. Ya ce shi ya sa iyayensu suka yi shiru shekara da shekaru da aka canza mata suna, suna ganin mutumin ya biya wani abu.

Na dawo na ɗauki biro na ƙara layuka uku a ƙarƙashin bakwai ɗin, a kwafina, na sa sunan Habu ɗan Isa da na Alhuseini ɗan Gumar a matsayin waɗanda na ji daga bakinsu, da wurin da kowanne ya faɗa mini. Na rubuta wa Mushe Abdu na roƙe shi a manna gyaran a kwafin ɗakin karatu, ya kuwa sa aka manna. Sannan na koma asibiti na karanta wa Yaya. Ya saurara, ya sa na maimaita wurin da sunansa yake.

"Wato sai da ka je Balbeji ka tambaya," ya ce. "Ba ka yarda da ni ba."

"Baki ɗaya ba ya isa, Yaya. Ko na wa ne."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na riƙe masa kafaɗa sai da ya lafa.

"Halinka dai," ya ce.

Ya juya ya ce wa matarsa ta dama furar da Hajara ta kawo, ta sa ludayi biyu.